Injin Aro

Ana cikin rataya sababbin labule a ɗakin wankin ƙoda muka shigo da Mai Walda, ni da matarsa, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Wata da watanni ana ce mana inji ya lalace, yau kuma sai ga inji yana ƙyalli.

Na ja wata nas gefe. "'Yata, yaushe aka yi wannan arziki?"

"Baba, 'yan kwamitin majalisa ne za su zo duba asibiti. Aro aka yi. Da yamma masu shi za su ɗauke abinsu."

Na daɗe a duniya, na san irin wannan wasa. Na sunkuya a kunnen Mai Walda. "Maƙwabci, in sun tambaye ka, ka ce alhamdulillahi. Manyan gidan nan in ka kunyata su ba sa mantuwa, kuma gobe a hannunsu kake."

"Kai dai tsohon dillali," ya ce, "ko a lahira sai ka shiga tsakani."

Aka jona shi, jini ya fara zagayawa cikin roba. Sai ga su da masu kyamara, shugaban asibiti a gaba yana ta zuba bayani. Wata 'yar majalisa ta tsaya a kan Mai Walda.

"Baba, yaya jiki? Ana kula da ku?"

Matarsa ta matse masa yatsa. Ya daɗe yana kallon injin.

"Yau kam ana kula, ranki ya daɗe, tunda kun zo. Ki sake dawowa, amma kada ki gaya wa kowa."

Shugaban ya yi dariyar yaƙe, ya ce ciwon kan taɓa tunani. 'Yar majalisar ba ta yi dariya ba.

Kafin rana ta faɗi aka ɗauke injin. Daga nan duk zuwan da muka yi, sai a ce likita ya fita. Mai Walda ya daina cin abinci, numfashi ya koma sama-sama. Wata safiya ya ce matarsa ta buɗe taga, yana son jin hayaniyar titi. Tana juyowa ta tarar ya cika.

Bayan an share makoki na je asibiti mayar da keken marasa lafiya da muka aro. Ina tura shi ta gaban ɗakin wankin ƙodar sai na ga 'yar majalisar nan, ita kaɗai, ba kyamara, shugaban yana gefe yana sharar gumi.

Ta gane ni. "Ina Baban nan? Ina so ya zo majalisa ya faɗa da bakinsa, gaban minista."

"Ya riga mu, 'yata."

Ta zauna a bakin gadon da ba kowa, tana kallon ƙasa, inda tayoyin injin suka bar sawu har bakin ƙofa.