Auduga Ba Albasa Ba Ce

Bara damina ta yi latti, audugar Auta ta tashi a wahalce, shi ya sa bana ta ce ba za ta zauna jiran sama ba. Tun da rani ta kafa rumfa a bayan gida, ta cika ƙananan ledoji da ƙasa da taki, ta binne iri a kowace. Safe da yamma tana jidar ruwa har tafin hannunta ya yi kanta. Maƙwabta suka yi ta mata tsiya, wai ta samu jarirai. Irin kuwa shi ke nan gare ta, ko ƙwaya ba ta rage ba.

Da ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu, sai ta tafi aron baro. Dashen auduga doka ɗaya gare shi: a kai ta gona cikin ledarta, a yage ledar a bakin rami, a zura ta da ƙasarta. Saiwarta guda ce doguwa, in ta tsinke an gama.

Mai baron ya tsare ta da surutu. Ko da ta dawo, sai ta tarar da mahaifinta a ƙarƙashin rumfar, ya miƙe ƙafa, sai fara'a yake. Tsohon manomin albasa ne, ciwon gwiwa ya zaunar da shi, amma hannun nan nasa ya ƙi zama. Ya tuge shukar kaf, ya kakkaɓe ƙasar, ya datse saiwoyin da wuƙa, ya ɗaure su dami-dami. Har ledojin ya ninke a gefe, tsaf.

"Na rage miki wahala," ya ce. "Me za ki yi da baro? A kwando ɗaya za ki kwashe su."

Auta ta saki baron ya kife. Da wani ne da ta ci kwalarsa, amma wa za ta shaƙe? Ubanta?

"Baba, wa ya sa ka? Don Allah wa ya aike ka?"

"Ke, ni kike wa tsawa? Ina dashe tun ba a san za a haife ki ba!"

"Albasa kake dasawa! Albasa! Wannan auduga ce!" Ta fizgi dami guda ta kai masa har gaban ido. "Ina saiwar? Ina take?"

"In aka datse sai ta fi yin sabuwa. Haka ake yi."

Bai ce ya yi kuskure ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mata rai. Lokacin shuka a leda ya riga ya wuce, wani irin babu, don haka dole ta kwashi dammunan ta kai gona. Ya biyo ta yana ɗingishi, yana nuna mata zurfin rami da sandarsa. Tana dasawa tana haɗiye magana har haƙoranta suka yi ciwo.

Kafin mako ya zagayo ganyen ya yi yaushi, ya koma ruwan ƙasa, kunya bayan kunya. Ta bi layi tana ja da yatsa biyu, kowace sai ta fito salin-alin kamar tsinken tsintsiya.

A ƙarshen gonar ta same shi durƙushe a kan gwiwar da ke masa ciwo, yana zuba wa matacciyar shuka ruwa da gwangwani.

"Ki ba su lokaci," ya ce, bai ɗago ba. "Za su farfaɗo."

Ta ji tausayinsa, kuma tausayin ya ƙara mata haushi, don ko fushin ma ba zai bar ta ta yi a tsanake ba. Ta karɓe gwangwanin ta yi jifa da shi.

"Baba, tashi ka fita. Kada ka sake taka min gona."

Ta jira faɗa, ta ma shirya amsa. Sai kawai ya dafa sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya bi tsakanin kunyoyin a hankali, yana kauce wa busassun shukokin kada ya taka ko ɗaya.