Kumatun da Kaka ta Taɓa

Tunda annoba ta ɓarke, Kaka ba ta taka gidan 'yarta ba sai yau. Jikan da ta bari yana rarrafe har ya shiga makaranta.

Tana shigowa ta kama kumatunsa. "Maigidana, ka manta da ni ko?"

Yaron ya zame, ya nufi famfon tsakar gida. Suna kallo ya murza sabulu, ya dirje kumatun nan har kumfa ta shiga idonsa.

Kaka ta yi dariya. "Iye! Wari nake yi?"

"Umma ce ta ce kar in bari tsofaffi su taɓa ni."

Uwar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ta yi ta nanata masa haka, don tsoron kada ya kwaso cutar ya shafa wa wani tsoho. Dalilin ne ba ta taɓa gaya masa ba.

"Inna, wallahi ba haka nake nufi ba."

"Na sani, 'yar nan."

Kaka ta ciro lemon da ta riƙo masa, ta fara ɓarewa, sai ta tsaya. Ta miƙa wa 'yarta.

"Ungo, ke ɓare masa."