Nauyin Maigida

Ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta sunkuya ta kama ƙarfen ɗaga nauyi.

"Mama, da gwiwa ake ɗagawa, ba da baya ba," in ji likitan motsa jiki. "Ba bokitin wanki ba ne."

Tun da ƙafafun mijinta suka daina aiki, yayansa ya kafe a kan in an sallame shi daga asibiti gidan shi yayan za a kai shi, tunda akwai samarin da za su riƙa ɗaga shi daga gado zuwa keke. Ita kuwa ta ce a ɗakinta zai kwanta. Shi ya sa ta turo shi har ɗakin motsa jiki, ta ce a ɗora mata kilo sittin da biyu, nauyinsa ranar da aka ba shi gado.

Likitan ya ƙi. "In bayanki ya riƙe, gado biyu zan nema. Ga arba'in. Ki yi ta ɗagawa har ki kasa, ni zan lissafa iyakar ƙarfinki."

"Wato har abin da ban ɗaga ba ka sani?"

"Kusan haka."

Maigida yana gefe a keke, yana ƙirga mata. "Shida. Bakwai. Wannan fuskar kike min in na manta cefane."

"Yi shiru, kar in sakar maka shi a ƙafa."

"Saki mana. Ai ba ji zan yi ba."

Dariya ta kusa kayar da ita. A na goma hannunta ya buɗe, ƙarfen ya faɗi a kan tabarmar roba.

Likitan ya daddanna wayarsa. "Iyakarki kilo hamsin da uku. Shi ma sau ɗaya, ranar da kika ƙoshi."

Ta zauna a benci tana haki.

Nas ɗin da ta rako su ta ce, "Wai wa ya ce sittin da biyu? Da safen nan muka auna Baba, hamsin ne."

Maigida ya tafa. "Kin ci jarrabawa. Kira Yaya ki ba shi haƙuri."

Ta miƙe tana murmushi, ta ciro wayar daga jaka. Sai ta ga agogonsa, wurin tafin nan ya zame ya gangara har kusan gwiwar hannu. Ta mayar da wayar, ta gyara masa shi, ta kama keken.

"Yaya ya jira," ta ce. "Me kake sha'awar ci?"