Masu Gadin Juma'a

Duk ɓarawon da ya san unguwar New Bell ya san lokacin da lungun su Asta yake zama babu namiji. Ranar Juma'a, da an yi kiran farko, mazan lungun kaf sai su kwashi dardumansu su nufi masallaci, har mai shagon bakin hanya yakan ja ƙofarsa ya bi su. Mata suna ciki, wata a gindin murhu, wata a kan sallaya. Lungu sai kaji da ruwan kwata.

A irin wannan lokacin ne Asta ta fito daga banɗaki da jaririnta Nuru naɗe a tawul, ta tarar da wani ƙato tsaye a tsakiyar falonta, tukunyar gas a kafaɗa, wayarta a hannu. 'Yarta Hadija, wadda ba ta daɗe da shiga makaranta ba, tana zaune a tabarma da cokali a baki tana kallonsa. Mutumin ya ɗora yatsa a leɓe, ya fice a hankali kamar wanda ya zo gaisuwa. Asta ta yi ihu har muryarta ta dushe. Kafin mace ta farko ta lalubo mayafi ta leƙo, babur ya riga ya sha kwana da shi.

Mijinta Haliru yana aiki a ofishin wani garejin manyan motoci a unguwar Bassa. Daga sallar asuba yake wucewa, ba ya dawowa sai an yi isha'i. Ran nan ya ji labari bai tanka batun gas ba, bai tanka batun waya ba. Hadija kawai ya ɗauka yana jujjuyawa, yana duba ta kamar an taɓa masa ita.

"Mun bar unguwar nan," in ji shi.

"Baban Hadija, ka ci abinci tukuna."

"Na ce mun bar ta. Akwai gida a unguwar Kotto, da katanga, da ƙofar ƙarfe. Ƙarshen wata mu kwashe."

Ya kai ta ta ga gidan. Ba laifi, yana da kyau, har da tayil a banɗaki. Amma ta yi sallama a ƙofar maƙwabta, kare ne ya amsa mata. Ta tsaya a tsakar gidan tana kallon katangar, ta raya a ranta cewa a nan ko ta kwana tana ihu, katangar ce za ta shanye shi. Ga mahaifiyarta Inna Iyatu, mai ciwon ƙafa, da ke zaune gida biyu tsakaninsu a New Bell, ta kuma rantse ba mai fitar da ita daga ɗakin da aka kawo ta amarya sai makara. Idan Asta ta tafi Kotto, wa zai riƙa shafa mata magani? Amma kuma in ta tuna fuskar Hadija da cokalin nan a baki, sai ta rasa bakin yi wa mijinta musu.

A bakin famfo ta sami mafita, ba ta ma fita nemanta ba. Kwata ce ta raba lungun nasu da na tsallake, an gitta katako ana tsallakawa. Wannan gefen Hausawa ne da sauran 'yan Arewa, wancan gefen Kirista ne, 'yan ƙabilar Basa da Bamileke. Famfo ɗaya suke sha. Mama Ngo Nyemb, mai toya makala, wato fanke, a wancan gefen, ta ajiye bokitinta ta kama hannun Asta. Hausarta ta kasuwa ce, amma ba a kayar da ita a zance.

"Ashiya, sannu 'yata, na ji abin da ya faru. Mu ma haka suke mana, amma mu ran Lahadi. Muna coci muna waƙa, suna gida suna kwasa. Kaskona suka ɗauke, da mai a ciki! Wane irin ɓarawo ne zai gudu da mai bai zubar ba?"

Asta ta yi dariyar da ta kwana biyu ba ta yi ba. Sai kuma dariyar ta tsaya. Bokitinta ya cika yana zuba, ba ta kula ba.

"Mama, ran Juma'a da azahar mazanku ina suke?"

"Ina za su? Suna gindin mangwaro suna buga damiye, darar nan ta allo, suna ƙaryar abin da suka yi a zamanin samartaka."

"Mu kuma namu ran Lahadi da hantsi suna ƙofar gida suna shan shayi."

Suka dubi juna. Mama Ngo Nyemb ta saki tafi ɗaya, ta ce, "Kashe famfon nan, zo mu je."

Shugaban 'yan damiyen shi ne Pa Kamdem, wanda ya yi ritaya daga tashar jirgin ruwa, mai ƙaton ciki da usur rataye a wuya tun zamanin da yake alƙalin ƙwallon unguwa. Ya saurare su yana tura 'ya'yan damiye a kan allo.

"Wato mu ɗauki bencinmu mu tsallaka kwata ran Juma'a, ku kuma ku tsallako ran Lahadi. To, akwai inuwa?"

"Akwai rumfar mai shago," in ji Asta.

"Akwai abinci?"

"Shinkafa da miyar gyaɗa, da folere, zoɓon nan mai sanyi. Amma Pa, ban da giya a lungunmu."

Tsofaffin suka yi gunaguni. Ɗaya ya ce folere ai abin shan yara ne. Mama Ngo Nyemb ta tambaye shi ko shi likita bai hana shi giyar ba tun bara, ya mai da kai kan allon damiye.

"Saura ɗaya," in ji Asta, ta gyara goyonta. "Ba duka. Na ga abin da ake yi wa wanda aka kama a bakin kasuwa, ba na so 'ya'yana su gani a ƙofar gidansu. Wanda ba ku san fuskarsa ba, ku tambaye shi gidan wa ya zo. In bai gamsar da ku ba, ku zaunar da shi, ku busa usur, matar gidan ta fito ta shaida shi. In ta ce ba ta san shi ba, a kira 'yan sanda."

Mai unguwa Malam Wakili ya so ya ja zancen, wai shi tun da yake bai taɓa jin gadin rana tsaka ba. Inna Iyatu, da suka yi wasan ƙasa tare, ta aika masa cewa ɓarayin ma da rana tsaka suke zuwa, in yana so ya roƙe su su koma dare. Ya aiko da amincewa, har da aron benci.

Asta ta zaga da tsofaffin gida gida, ta nuna musu kowa: wannan ɗan gidan ne, wannan ɗan haya ne, wannan mai kawo gawayi ne. Ta bi mata ɗaki ɗaki ta sa kowace ta kafa ƙusa a bayan ƙofa ta rataye mayafi, don kada neman mayafi ya sake cinye lokaci. Da ta ba Haliru labari da dare, sai ya yi murmushin tausayi.

"Tsofaffi huɗu da allon damiye? Asta, ƙarshen wata dai."

Juma'ar farko ba abin da ya faru sai rigimar wasa, da Pa Kamdem da ya nemi ƙarin miya. Ta biyu wani mai babur ya shigo a hankali yana leƙen ƙofofi, suka haɗa baki suka tambaye shi wa yake nema, ya juya bai ko amsa ba. Ran Lahadi matasan Hausawa suka tsallaka da butar shayinsu, 'yan coci suka dawo suka tarar da kayansu yadda suka bar su, har da wankin da aka manta a igiya an kwashe musu shi kafin ruwa ya sauko.

Juma'ar ƙarshen wata Asta tana ɗakin Inna Iyatu tana murza mata ƙafa, sai usur ya tashi. Ba busar gwaji ba ce, Pa Kamdem ya ba ta iska da gaske. Kafin ta saɓa Nuru a baya lungu ya cika da mata, kowace da mayafinta, wasu da taɓarya. Mama Ngo Nyemb ta tsallako katako da matsamin makala a hannu. Asta ta hango inda aka taru: ƙofarta ce, kwaɗo a karye a ƙasa, firigonta na sanyaya ruwa ya maƙale a bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje.

"Madam Asta!" Pa Kamdem ya ɗaga hannu, fuskarsa kamar ran sallah. "Biyu muka kama! Har da kamiyon ɗaukar kaya suka zo, ga shi can bakin hanya. Wannan mai gugaggiyar rigar shi ne babbansu. Ba mu taɓa su ba, ko da yatsa."

Mata suka dare. A kan benci, a matse tsakanin tsofaffi biyu, ga Haliru zaune, hula a karkace. Kusa da shi wani direban garejinsu ne, Ilu, ya dafe kai.

Abin da ya faru ba wuya. Mota ce ta samu babu lodi da rana, Haliru ya ga banza ta faɗi, ya yi salla a masallacin ma'aikata da ke riga na unguwa idarwa, ya taho a fara kwasar manyan kaya. Asta ba ta da waya balle ya sanar da ita. Makullin sabon kwaɗo ya manta shi a aljihun rigar jiya, sai ya sa Ilu ya kawo ƙarfen taya.

"Asta, gaya wa mutanen nan ko ni wane ne," in ji Haliru, yana ƙoƙarin riƙe girmansa. "Na nuna musu katina na shaida!"

"Katin bai ce firigon naka ne ba," in ji Pa Kamdem.

"A lungun nan aka haife ni!"

"To madalla. Yaya sunana?"

Haliru ya ƙura masa ido. Ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa. Fuskokin dai ya sha wuce su, amma suna ko ɗaya bai zo masa ba. Mata suka fara toshe baki da mayafi. Inna Iyatu da ta dogaro sanda har ta iso, tana ganin surukinta ne ta juya da sauri ta koma, kafaɗunta na rawa don dariya.

Hadija ta kutsa ta tsakanin ƙafafu ta haye cinyarsa. "Baba, kai ne ɓarawon?"

"Shaidar yaro ba ta cikin doka," in ji Pa Kamdem. "Matar gida muke jira. Madam, kin san shi, ko mu kira 'yan sandan komisariya?"

Asta ta ciji leɓe, ta dubi ƙasa, ta dubi sama, dariyar ta ƙi komawa. Da ƙyar ta tattaro murya.

"Pa, c'est mon mari. Maigidana ne."

Lungu ya ɗauka gaba ɗaya. Daidai nan masallata suka fara dawowa da dardumansu a kafaɗa, kowa ya tambaya a ba shi labari, ya ƙara nasa gishirin ya miƙa wa na baya. Malam Wakili ya yi dariya har sai da aka kawo masa kujera. Wani abokin Haliru ya ce shi dama ya daɗe yana zarginsa, mutumin da ba a gani sai cikin duhu.

Haliru ya bari suka gama. Sannan ya gyara hularsa, ya juya wajen Pa Kamdem.

"Baba, tun yaushe kuka gan ni?"

"Tun kana sauka daga mota. Mun bari ka karya kwaɗon ne don kada mu zalunce ka."

"Da da makami na zo fa?"

"Da ba mu matso ba. Usur kawai, mu tare bakin lungu da benci, mu bar ka da matan nan." Ya nuna masu taɓarya da haɓa. "Ni kaina tsoronsu nake ji."

Haliru ya dubi matan, ya dubi katakon kwata da har yanzu mutanen wancan gefen ke tsallakowa, ya dubi Hadija da ta riga ta kwashe 'ya'yan damiye tana jera su a gwiwarsa. Asta ta ja gefe. Ta san in ta sa baki yanzu za ta ɓata.

"Patron," in ji Ilu, "motar nan ana jiranta a gareji. Mu ɗora ko mu bari?"

Haliru ya sauke Hadija, ya miƙe, ya naɗe hannun riga.

"Kama mu mayar da firigon ciki. Ka koma da motar haka nan."

Guɗa ta tashi daga bayan taron, wata ta karɓa. Firigon da mutum biyu suka kasa fitarwa, hannu ya yi masa yawa wajen komawa, Pa Kamdem yana ba da umarni ba tare da ya taɓa shi ba. Asta ta shige kicin da sauri, wai za ta ƙaro shinkafa, ta tsaya a bayan ƙofa ta goge idonta da bakin zani, sannan ta ɗora babbar tukunya.

A waje ta jiyo Mama Ngo Nyemb ta tare mijinta.

"Kai, ɓarawon firigo. Jibi Lahadi, gadi ya zo kanka. Ka zo da wuri, a ƙofata za ka zauna."

"To, Mama. Mama wa?"

"Ngo Nyemb."

"Ngo Nem."

"Nyemb! Sake faɗa. Ba inda za ka sai ka iya."