Jan Rubutu a Kan Kore

"To ina allon nawa?"

Baba Mai Fenti ya nisanta takardar da fuskarsa, ya sake matso da ita har ta kusa taɓa hancinsa. Auta, 'yarsa da ke jinyarsa, ta ƙara masa filo a baya ta ce, "Ga shi nan a saman kanka, Baba."

"Wannan ai katako ne. Ni rubutun nake tambaya."

Maƙwabciyarsu, wadda shi da kansa ya laƙaba wa Injiniya tun ranar da ya ji a gaban kwamfuta take wuni, ta karɓi takardar ta duba hoton da ke kanta. Ga Baba tsaye a ƙofar shagonsa da burushi a hannu, fuska fes, har wushiryarsa ta fito. Amma allon da ke samansa ya zama toka-toka sumul, babu ko harafi ɗaya, kamar an wanke shi da sabulu.

Ita ce mai tsara shafi a madaba'ar da ke ƙarshen layin. Ƙungiyar masu sana'ar unguwa ce ta kawo aikin wani ɗan littafi na tunawa da tsofaffinta, kowa da shafinsa da hotonsa a bakin sana'arsa. Bango kaɗai za a buga da launi, ciki duk baƙi da fari. Hotuna sun taru, Manaja yana tsaye a kanta yana hura hanci, sai ta haɗa su gaba ɗaya ta cire musu launi da dannawa guda. Da ta ji Baba ya matsa yana son ganin nasa, ta fitar da bugun gwaji ta naɗe ta taho, ko kallo ba ta yi masa ba.

"Baba, ja ne a kan kore," in ji ta. "Duhunsu ɗaya. In aka cire launi sai su zama abu guda."

"Ja da kore abu guda? Lallai an cuce ku da wannan na'ura."

Gaskiyar magana, ba na'ura ce ta fara gano haka ba. Duk layin an san allon Baba, kuma an san rana na karkatawa ba mai iya karanta shi. Mutumin da ya rubuta wa tela da mai aski da mai gyaran agogo alluna masu kiran mutum daga nesa, nasa sai ka tsaya ka ƙanƙance ido. Marigayiya matarsa ta yi mita har ta gaji, shi kuwa amsarsa ba ta canzawa: mai neman mai fenti da rana yake zuwa. Yanzu shagon ya koma na sayar da waya, allon kuma tuni aka faskara shi. Wannan hoton kaɗai ya rage, shi ya sa abin ba na dariya ba ne.

"Gyaran ba wuya," in ji Injiniya. "Sai in ce wa jan ya yi haske, koren ya yi duhu. Kafin ka sha ruwa rubutun ya fito fari tas."

"Fari?" Tari ya sarƙe shi, Auta ta dafa masa baya har ya lafa. "Fari ai ba launi ba ne, shimfiɗa ce da ake yi kafin a fara aiki. A allona? In ba za ki ba ni ja ba, ki ba ni baƙi."

"In na duhunta jan, har fuskarka za ta duhunta. Fatar mutum akwai ja a ciki."

"To fa! Ko fuskata ko rubutuna ke nan."

"Sai dai in bi haruffan da hannu ɗaya bayan ɗaya, in ware su daban. Zai ɗan ɗauki lokaci."

"Ni da na rubuta su, a tsaye na yi a kan tsani. Ke a zaune za ki yi, ga fanka." Ya miƙa hannu. "Bar min wannan a nan, in riƙa kallon kaina."

Auta ta rako ta har bakin ƙofa. A nan ta rage murya ta ce, "Yaya, ki ɗan hanzarta. Likita ya ce mu daina wahalar da shi da zirga-zirga."

Injiniya ta ji maganar, kuma ta fahimce ta. Washegari da wuri ta buɗe hoton, ta faɗaɗa allon har ya cika fuskar kwamfutar. Sai a lokacin ta ga abin da ta ɗauko wa kanta. Baba bai taɓa yin harafi ya tsaya a inda ya kamata ya tsaya ba. Kowanne da jela, kowace jela da lanƙwasa, wata ta bi ta ƙarƙashin maƙwabciyarta ta ɓullo can gaba. MAI FENTI, ANA RUBUTUN ALLO DA LAMBAR GIDA. Tun tana yarinya take wucewa ta ƙarƙashin rubutun nan, ba ta taɓa sanin haka yake da kyau ba.

Ba ta gama kalmar farko ba Manaja ya dire mata aikin kalandar wata makaranta, ya ce masu shi na hanya. Bayan kalanda aka kawo takardar maganin tari, bayan ita wuta ta ɗauke, injin janareta kuma ya ce shi ma ɗan hutu yake so. Manaja ya leƙo ya ga tana bin jelar wani harafi a hankali, ya ce, "Wai har yanzu allon tsohon nan ne? Ki haska shi mu wuce wurin mana. Wa zai duba?"

"Mai shi."

Sau da yawa hannunta ya kai kan hanya mai sauƙin. Dannawa kaɗan ce, ta fitar, ta kai masa kafin ya yi barcin rana. Sai ta tuna yadda ya ce "a allona?" ta janye hannun. Da yamma in ta dawo gida takan ji tarinsa ta katanga, ta ce a ranta da sauran lokaci. Kunya ta hana ta shiga hannu rabbana.

Ranar da ta gama, aikin ya yi kyau, wannan ba a musu. Haruffa baƙaƙe wuluk a kan allo mai haske, kowace jela a wurinta, fuskar Baba kuma ba abin da ya taɓa ta. Ta fitar a takarda mai kauri, ta sa a ambulan don kada ta lanƙwashe, ta ce wa Manaja tana zuwa.

Tun daga kwanar layin ta hango an fito da kujeru ƙofar gidan. Tela ya rufe shago, mai aski yana tsaye ya harɗe hannuwa a ƙirji. Ba ta tambayi kowa ba.

Auta na zaune a bakin gadon, an riga an naɗe katifar. Da ta ga ambulan ɗin sai ta ce, "Ɗazu da hantsi, Yaya. Ya sha shayinsa, ya ce a buɗe taga."

"Allah ya jiƙansa. Allah ya ba mu haƙuri. Na gama, Auta. Baƙin da ya ce. Wallahi yanzu na gama."

"Ya san kina yi. Kullum sai ya ce, Injiniya na can tana fama da jelolina, ta ga abin da na gani." Auta ta yi ɗan murmushi, ta goge ido da bakin mayafi. Ta ɗauko wata takarda daga kan teburin magunguna ta miƙa mata. "Jiya ya sa na ciro masa ƙaramin burushinsa daga akwati. Na tambaye shi wane gwangwani zan buɗe, ya ce in ba shi wanda za a gani."

Bugun gwajin nan ne na ranar farko, ya yi laushi saboda riƙo. A kan allon toka-toka, da hannu mai rawa amma kowace jela a inda take, an rubuta MAI FENTI, ANA RU. Da farin fenti.

Injiniya ta daɗe tana kallo. Ba ta buɗe ambulan ɗinta ba, ta mayar da shi jaka.

"Zan tafi da wannan," in ji ta. "Shi za a buga."

"Bai ƙarasa ba fa."

"Na gani."

A waje wani yana cewa a ƙaro kujeru. A kan tagar da ya ce a buɗe, ƙaramin burushin na tsaye cikin kofin gilashi, ruwan ya yi fari kamar madara.