Igiyar Shanya

Da igiyar shanya aka ɗaure shi, shuɗiya, irin ta roba. Bakinta ɗaya a wuyan hannunsa na hagu, ɗayan a ƙarfen gado. Tsohon yana zaune a kan katifar da ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa, ya zuba wa bango ido.

Sajan Felicia ta tsaya a bakin ƙofa har idonta ya saba da duhun ɗakin. Warin bai dame ta ba. Ta daɗe a sashen rigingimun iyali na ofishinsu, ta shiga ɗakuna irin wannan da yawa a Sabon Gari da Maitumbi.

A bayanta akwai Azumi, maƙwabciya mai tuyar masa, wadda ta kai ƙara da safiyar nan.

"Kullum haka ne, Mama?"

"Tun da aka tsinto shi a kan layin dogo, ranki ya daɗe. Da safe ɗansa Caleb zai ɗaure shi ya fita da Keke Napep, sai yamma. Muka yi shiru, muka ce tsakanin ɗa da uba ne. To jiya ta bango na ji duka, na ji Baba Zamani yana kiran sunan Yesu. Na kasa haɗiye tuwo."

Kofur Jiya, abokin aikinta, ya zaro wuƙa zai yanke igiyar.

"Dakata," in ji Felicia.

Ta ciro waya ta ɗauki hoton wuyan hannun, inda fata ta saluɓe ta yi fari. Ta ɗauki ƙullin igiyar, da kwanon kokon da ƙuda ya rufe, da kumburin da ke ƙasan idonsa. Ta ɗaga rigarsa a hankali ta ɗauki haƙarƙari. Sannan ta ce wa Jiya ya yanke, ya sa a leda, shaida ce.

Ta durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, sannu. Wa ya buge ka?"

Ya dube ta da fara'a. "Jirgin Kaduna ya iso?"

"Tsohon ma'aikacin reluwe ne," Azumi ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Gigin tsufa ya kama shi."

"Baba, wa yake ɗaure ka?"

Fara'ar ta gushe. Ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Wani ɓarawo ne mai shigowa da yamma. Ki rabu da shi. In yarona Caleb ya dawo daga makaranta zai gamu da shi."

Felicia ta rubuta maganar yadda ya faɗe ta.

A asibiti likita ya lissafa mata abin da ya gani: gyambo a kwankwaso, ƙarancin ruwa a jiki, haƙarƙari guda ya tsage. Ya ce wasu tabunan sun kwana biyu. Ta roƙe shi ya rubuta ya sa hannu, ta bar tsohon an ɗaura masa ruwa.

Ba su nemi Caleb ba. Shi ya kawo kansa ofis kafin magariba, ya ajiye kekensa a gindin mangwaro. Mutum ne da ya haura arba'in, siriri, idanunsa sun faɗa. Felicia ta gaya masa yana da damar yin shiru har ya sami lauya. Ya ce babu buƙata.

"Kai ka ɗaure shi?"

"Ni ne, Madam."

"Dukan fa?"

"Ni ne."

"Me ya faru?"

Ya yi magana kamar mai ba da kwatancen hanya. Ya dawo ya tarar tsohon ya ɓata jikinsa ya shafe bango. Yana cikin wanke shi sai tsohon ya cije shi a hannu, yana ihu ɓarawo, ɓarawo. Ya nuna mata shatin haƙoran. Ta ɗauki hotonsa shi ma.

"Karo na farko ke nan?"

"A'a."

"Wa ke taya ka kula da shi?"

"Matata ta koma gidansu bara. Ƙanwata Lilian tana Abuja." Ya ɗago kai ya dube ta. "Ya ci abinci?"

Ta ce ba ta sani ba. Ya sa hannu a jawabinsa, Jiya ya kai shi bayan kanta, inda ake tsare waɗanda aka kama. Da ta leƙa kafin ta tashi aiki, ta tarar ya miƙe a kan siminti yana barci, baki buɗe, hayaniyar sauran tsararru ba ta ko motsa shi ba.

Washegari ta shiga buga waya. Lilian ta yi kuka sosai, sannan ta ce aikatau take yi a gidan mutane, a kicin take kwana, ina za ta kai shi? Jami'ar walwalar jama'a ta ce za ta zo ta gan shi, amma maganar gaskiya ba su da wurin ajiye tsoho a yanzu. Wani dattijon cocinsu ya ce za su sa shi a addu'a, su kuma tayar da maganar a taron kwamiti. Azumi ta ce za ta iya aika masa da masa da safe, amma ita mace ce, ba za ta yi wa namiji wanka ba. Felicia ta yi wa kowa godiya da murya iri ɗaya.

Shugaban ofishin ya juya hotunan a wayarta, ya tsuke baki.

"Wannan cin zarafi ne, babu ja. Rahoton likita yana nan, ya amsa da bakinsa. Me kike jira? Ki haɗa takardu a kai shi kotu."

"Ranka ya daɗe, in an sallami tsohon daga asibiti wa za a ba?"

"Wannan ba aikin ɗan sanda ba ne, Sajan."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta koma teburinta ta rubuta komai bi da bi: abin da ta gani, abin da aka faɗa mata, abin da likita ya samu. Da ta iso inda ake rubuta shawarar mai bincike, sai ta ajiye biro.

A nan wayar wata nas daga asibiti ta same ta. Tsohon ya ƙi cin komai tun da aka kawo shi. Duk wadda ta matso da cokali sai ya datse haƙora. Ya fizge ruwan da aka ɗaura masa, jini ya ɓata zanin gado. Likita yana tunanin a ɗaure masa hannu.

Felicia ta je bayan kanta ta gaya wa Caleb. Bai nuna mamaki ba.

"Me suke ba shi?"

"Shayi da burodi."

"Ba ya sha. Kunun gyaɗa ne, a bari ya huce. Kuma ta hagu ake zauna masa, kunnen dama ba ya ji."

Ta nemi izinin kai shi asibiti, aka ba ta da ƙyar. Suka tsaya a hanya ta sayi kunun. A ƙofar ɗakin marasa lafiya Jiya ya cire masa ankwa, ya tsaya a bayansa.

Caleb ya ja kujera ta hagu ya zauna. Ya zuba kunun a kofi, ya ɗiga a bayan hannunsa ya ji zafinsa. Bai gaishe shi ba, bai ce Baba ba. Ya ɗebo cokali ɗaya ya ɗaga.

Tsohon ya kare fuskarsa da hannu, ya runtse ido, kafaɗunsa suka haɗe.

Caleb ya tsaya da cokalin a sama, yana jira. Can hannun ya sauka. Bakin ya buɗe.

A cokali na biyu ma haka aka yi. Da na uku. Duk ɗagowa sai ya kare fuska, duk saukewa sai ya haɗiye. Majinyacin gadon kusa ya juya musu baya. Felicia tana tsaye a ƙarshen gadon, ta rungume fayil a ƙirji. Ta lura kunun yana gangarowa ta gefen bakin tsohon, Caleb yana share shi da babban yatsa ba tare da ya duba ba.

Jiya ya duba agogo. "Sajan, mu koma?"

"Bari ya gama."

Nas ta zo ta tsaya kusa da ita, ta leƙa kofin da ya kusa ƙarewa, ta sauke ajiyar zuciya.

"Madam," ta ce, "gobe da ƙarfe nawa za ku kawo shi?"