Maganin da Ya Makara a Yamai

Shekara talatin da ɗaya Alhassan Maman ya yi yana jan babbar mota, yana kwasar albasa daga Galmi zuwa bakin teku. Wata rana a tashar Ƙwanni ya sauko daga mota sai ya ga ƙasa ta karkace. Bai faɗi ba. Ya dafa taya yana jiran ta daidaita, ba ta daidaita ba sai da aka zaunar da shi aka zuba masa ruwa a ka. A gidan likita suka ɗaura masa abin awo a dantse, suka ce hawan jini ne, wanda mutanen gari ke ce wa tansiyo, kuma ya yi nisa. Mai motar ya karɓi makullinsa cikin mutunci. Alhassan ya koma Dogarawa inda aka haife shi, ya shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron ƙofar gida.

Daga nan ana jin kwalta. Ba sai ya ɗaga kai ba, da ƙarar inji kawai yake sanin wace mota ce ta ɗauko siminti daga Malbaza, wace ce ta dawo ba kaya. Bayan azahar, idan gari ya yi tsit, wani ɗan ganga yakan fara bugawa a cikin kunnensa, a hankali, sai idonsa ya yi nauyi. Daga nan sai ya ga tabarmar ta kama hanya. Ya wuce Doso, ya haye gadar Gaya ruwan kogi na ƙyalli a ƙasa, itatuwa su yi ta ƙara tsawo har su rufe sama, iska ta fara warin gishiri. Wani lokaci har ya ga teku kafin matarsa Sahiya ta leƙo ta ce, "Malam, an kira la'asar." Sai ya dawo ya tarar da akuya tana cin gefen tabarmar.

Maganin da aka rubuta masa wata ƴar farar ƙwaya ce, ɗaya kowace safiya. Idan yana shanta gangan nan yakan yi shiru, ƙasa ta tsaya inda Allah ya ajiye ta. Amma daga Turai ake kawo ta, babban farmasin Ƙwanni kaɗai ke sayarwa, ga tsada, kuma takan ɓace wata biyu ba labari. Da Alhassan ya ga haka sai ya riƙa raba ƙwaya biyu da reza. Ranar da ya tashi da ƙarfi kuma ya ƙi sha, ya ce ya ajiye wa gobe.

Majo Mahfuz, ma'aikacin lafiyar da ke riƙe da ɗakin shan maganin garin, shi ya fara ba shi labarin. Yana kwance masa abin awo ya ce, "Baba Alhassan, akwai wani shina tafe. Abin da ke cikin wanga da kake sha, shi ne a cikinai, sai dai wani kamfani ne daban ya yi shi, kuma ba shi da tsada. In hukumar magunguna ta sa hannu, har nan za a kawo muna shi, ba sai an tafi Ƙwanni ba."

"To mi ake jira?"

"Takardunai na Yamai, ana dubawa. Ai ɗiyarka na can."

Raihanatu ce ƴarsa ta fari. Ta karanta ilimin haɗa magani, tana aiki a ɗakin gwaji na hukumar a Yamai, babban birnin ƙasa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiranta da sunanta ba, Uwata yake ce mata. Ranar ya kira ta a waya ya tambaye ta. Ta ce, "Baba, abin da ke cikin buro, wurin aikinmu, ba a faɗi nai waje. Ka dai riƙa shan wanda ke hannunka kullum, kar ka tsallake." Ya ce to. Bai gaya mata zancen reza ba.

Tun daga lokacin tafiyarsa ta bayan azahar ta sauya hanya. Maimakon teku, sai tabarmar ta kai shi wani dogon ɗaki a Yamai, takardu jibge har rufi kamar buhunan albasa a lokacin kaka, fanka na juyawa ba ta ba da iska. Can ƙasan tarin akwai wata farar takarda tana barci, ya san ta maganinsa ce. Wata rana kuma ya ga ƙwayoyin da kansu, farare kamar balbelu, sun yi layi a bakin iyaka suna jiran ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ya farka ya ɗaga musu sanda. Ya yi ta yi musu alama da hannu su zagayo ta cikin gonaki, suka ƙi.

Damina ta wuce, aka yanke gero, sanyi ya zo ya tafi. Majo Mahfuz ya daina cewa wata mai zuwa. Da bazara ta kama, farmasin Ƙwanni ya yi mako bakwai babu maganin, Raihanatu ma ta nema a Yamai ta rasa. Wata Laraba da hantsi Alhassan na alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa na hagu. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Ya buɗe baki ya kira Sahiya, abin da ya fito ba sunanta ba ne.

A motar kasuwa aka kai shi asibitin Ƙwanni. Likita ya ce an yi sa'a, abin ya taɓa shi ne kawai ya wuce. Magana ta dawo a kwana na biyu, da nauyi kamar ta mai tauna goro. Hannun kuwa yana kwance a gefensa kamar na wani baƙo.

A kwana na uku Raihanatu ta iso. Ta gaida mahaifiyarta, ta duba takardun likita ɗaya bayan ɗaya, ta gyara masa matashi. Da Sahiya ta fita neman ruwan zafi, sai ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, tana kallon ƙasa. Rana ta take, hasken taga ya faɗo a kan mayafinta.

"Baba, maganin nan da kake jira," ta ce. "Ni na tsai da shi."

Ya juyo da kai a hankali.

Ta ba shi labari. Tun bara kwamiti ya kusa sa hannu, takardun duka sun cika. Ita aka ba samfurin ta gwada. Akwai wani akwati a ɗakin gwajinsu da ake hura wa zafi irin na bazara da danshi irin na damina, a nan ta zuba ƙwayoyin ta rufe. Bayan wata uku ta buɗe ta tarar sun yi ɗorawa-ɗorawa, da ta auna kuma ƙarfinsu ya ragu. Masu maganin a ƙasa mai sanyi suka yi nasu gwajin, kuma a robar da iska ke shiga suka zuba shi. Ta rubuta abin da ta gani. Kwamiti ya mayar musu da takardunsu, ya ce su sauya mazubi su sake gwaji na wata shida.

"Wasu sun ce in bari ya wuce, ragin ba shi da yawa," ta ce. "Da na yi shiru, da tun kaka shina hannunka."

Alhassan ya mayar da kai kan matashi. Idonsa na kan rufin ɗakin inda wata ƙadangaruwa ta maƙale ba ta motsi. Ya daɗe haka har ta zaci barci ya ɗauke shi.

"Shekara guda ina jin haushin mutanen Yamai," ya ce daga baya, yana jan kalmomin ɗaya ɗaya. "Kullum sai na yi musu faɗa a raina. Yanzu ban san inda zan kai haushin ba."

Ta sa gefen mayafi ta share ido.

"In mutum ya sha wanda zafi ya taɓa, mi ka faruwa?"

"Ba ya jin komai, Baba. Shina sha kullum, shina zaton ya sha magani, jinin kuwa na ta hawa."

Ya gyaɗa kai. Sai ya shiga ba ta labarin wata tafiya da bai taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Wata shekara wani ɗan kasuwa ya matsu a yi lodi, albasar ba ta gama bushewa ba. Alhassan ya ji warin tun ana ɗora buhu na farko, amma ya yi shiru don kar a ce direba ya cika iyayi. Har Gaya saman kayan na da kyau. Kafin su kai bakin teku ruwa na ɗiga daga ƙarƙashin motar, ƙudaje na bin su. Ya ce bai manta fuskar wata tsohuwa da ta kwance buhunta a kasuwa ba, ta tura hannu ciki ta zaro, ta tsaya tana kallon hannun.

"Ba ta zage ni ba," ya ce. "Da ma ta zaga."

Ya huta, ya nemi ruwa ta ba shi. Sannan ya ce, "Ni ma akwai abin da na ɓoye maki, Uwata. Tun bara nike raba ƙwaya biyu. Wata rana ma ba ni sha."

A nan ne kukan ya ƙwace mata sosai. Ya so ya dafa kanta, amma tana zaune ta gefen hannun da ba ya tashi, sai ya bar ta ta yi har ta gaji. Da Sahiya ta dawo da ruwan zafi ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ajiye ruwan a gefen gado.

Kwana tara ya yi aka sallame shi da wani magani na wucin gadi. Raihanatu ta koma bakin aikinta. A ƙarshen watan Mayu ta kira da rana tsaka, muryarta a sanyaye. Sabon gwajin ya fito, an rufe kowace ƙwaya a cikin takardar azurfa, ta yi wata shida a zafi ba ta sauya ba. Ita ma ta sake aunawa da hannunta. Kwamiti ya zauna da safe ya sa hannu.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Kin ci abinci?"

Ta yi dariya, ta ce ba ta ci ba tukuna.

Sai da aka yi ruwan shuka kafin kwalayen su iso Dogarawa. Ranar da Majo Mahfuz ya aiko a kira shi, Alhassan ya tafi da ƙafarsa, yana dogara sanda. Ya yi mamakin waɗanda ya tarar a kan benci. Ga Nafisa mai ƙosai, wadda shekara ashirin yana sayen ƙosanta bai san kanta na sara ba. Ga ladanin masallacin Juma'a. Ga wani dattijon Bafulatani da ya taho tun daga wajen Illela, ya ɗaure jakinsa a jikin katanga. Wasunsu an daɗe da gaya musu suna da ciwon, ba su taɓa sayen magani ko sau ɗaya ba. Aka yi ta miƙa kwalin hannu zuwa hannu, fari ne ba ado, sai rubutu da lambar hukuma a gefe. Nafisa ta juya shi ta ce ita ba ta yarda da abu mai arha ba. Alhassan ya ce mata, "Sha abinki. An gasa shi wata shida, bai narke ba." Bai faɗi wanda ya gasa shi ba.

Bayan mako uku Majo ya auna shi sau biyu, ya rubuta a kati, ya ce jinin ya sauka inda ake so. Hannun hagun bai dawo duka ba. Yatsu uku sun farka, biyu sun ƙi, kuma Alhassan ya san shi da tuƙi sai dai labari.

A makon ne Sahiya ta ce za ta shuka wake a tsakanin gero, a ƴar gonarsu ta bayan gari. Ya ce zai bi ta. Ta hana, ya nace, ta ƙyale shi. Geron ya kai gwiwa, kore shar, ƙasa na da taushi saboda ruwan shekaranjiya. Ita ke gaba tana sara rami, shi yana biye, ya tallafe ƙoƙon iri a jikinsa da raunannen hannun, yana jefa uku uku da na dama, yana rufewa da diddige. Ya fi kowa jinkiri a duk gonakin wajen, ita kuma ta rage sauri ba tare da ta nuna ba. Sun yi kunya shida gabas ta fara haɗa baƙin hadari, iska mai sanyi ta taso tana kwantar da geron.

"Malam, mu koma," ta ce.

"Bari mu ƙarasa wagga."

Ba su ƙarasa ba. Yayyafi ya fara, suka fake a gindin wani kalgo, ya kife ƙoƙon a kan cinyarsa don kar irin ya jiƙe. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna kallon ruwan yana sauka a kan ramukan da suka rufe da waɗanda suka rage a buɗe.